Shammam a Gidan Sauro

Wani mutum ne a gidanmu, Alhaji Sabitu, ƙanin maigidana. Duk faɗin Ringim in ana neman wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki, to a zo ƙofar gidanmu a yi sallama. Ya taɓa zuwa Jidda. Abin da ya yi a can Allah kaɗai ya sani, mu dai mun ga an dawo mana da shi da jallabiya ɗaya da baƙin tabarau. Amma in ka ji shi a majalisa, sai ka rantse da shawararsa aka haƙa tekun garin. Komai ka ɗauko, ya ga ubansa a Jidda. Ka nuna masa rago, ya ce a can wannan kyanwa ce. Ka ce yau ana zafi, ya ce a can ƙwai a aljihu yake dahuwa.

Ni da shi wasa ne tsakaninmu, irin na matar wa da ƙanin miji. Yana ce min "matarmu", ina ce masa "Na-Jidda". Amma wannan karon wasan ya kusa sa ni kuka.

A bayan gidanmu akwai ɗan kango, bai fi a shimfiɗa 'yan tabarmi a ciki ba. Shekara da shekaru ni ke fama da shi. Kuɓewa, alayyahu, yakuwa, ɗan tattasai, ga zogale a jikin katanga. Ruwan rijiya nake ja ina ba su safe da yamma, har bayana ya saba da ciwo. Da wurin nan nake rufa wa tukunyata asiri. Ina da yara, kuma kun san cikin yaro ba ya jin "a yi haƙuri". Maigidana, Malam, tela ne. In ɗinki ya samu mu ci da nama, in bai samu ba in zaga baya in tsinko abin miya, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Sai dai kangon ba nawa ba ne, ba na Malam ba ne. Na Iya ne, surukata. Ita ce mai gidan, kuma in ta yanke magana ta yanku.

Ran nan ina tsugune ina cire ciyawa, sai ga Na-Jidda, hannu a baya, yana taku ɗai-ɗai kamar duba-gari.

"Matarmu, me nake gani haka?"

"Kuɓewa ce, Na-Jidda. Ko a Jidda ba a yin ta?"

"Subhanallahi! Ƙasa irin wannan a ɓata ta da yauƙi? Ai wannan ƙasar shammam ce."

"Ƙasar me?"

"Shammam! Ɗan'uwan kankana ne, amma kankana baiwarsa ce. Ɓawonsa kamar an saƙa masa raga, cikinsa ruwan goro, ƙamshinsa in ya bugi hancinki sai kin zubar da turarenki. Lambun wani Balarabe na riƙe a Jidda, ni ne shugaba. Guda ɗaya sai ƙarti biyu sun kama suke iya ɗora shi a mota."

Na ce, "To Allah ya ba da sa'a. A je a nemo ƙasar Balaraben."

Na ɗauka magana ta wuce. Ashe daga nan ɗakin Iya ya zarce. Iya kuwa haƙoranta sun daɗe da yi mata sallama, abin duniya in dai mai laushi ne mai zaƙi, to an gama da ita. Ya tanƙwashe ƙafa a gabanta ya shiga zuba. Wai ba a tauna shi, a kan harshe yake narkewa. Wai yana sauke hawan jini. Wai tsofaffin Larabawa shi suke ci, shi ya sa gwiwarsu ba ta ƙara in sun tashi. Ina daga tsakar gida ina jin tsohuwa tana haɗiyar yawu, muƙut.

Can sai na ji, "Ladidi!"

Na je na durƙusa.

"Ki ba ɗan nan kangon ya gwada abin nasa."

"Iya, miyar yaran fa?"

"Ai ba cewa na yi har abada ba. Ku saurara, ku duka biyun. In na sa shammam ɗin kangon nan a bakina kafin a ga watan azumi, wuri ya zama nasa. In ban sa ba, ya tattara ya ba ki wurinki, kada kuma in ƙara jin bakinsa."

Na je wajen Malam ko zai sa baki. Ya ɗago, ya dube ni, ya ce, "Abin da Iya ta ce." Ya mai da kai kan keken ɗinkinsa, ƙir-ƙir-ƙir. Shi ke nan fa taimakon da na samu.

Washegari Na-Jidda ya shiga kangon ya tumɓuke min kuɓewa tana tsaka da 'ya'ya. Kowace ya fizge sai in ji kamar daga ƙirjina ya cire ta. Alayyahu ya bi, yakuwa ta bi. Zogalen kaɗai ya tsira, shi ma don ya gwada ya ji ba zai iya ba. Ya fito da iri ƙulle a leda, wai tun daga Jidda yake ajiyarsa. Ya sa tabarau, ya yi 'yan ramuka, ya zuba, ya rufe da ƙafa, ya karkaɗe hannu.

Na ce, "Ga guga can."

Ya ce, "Matarmu, shugaba ba ya jan guga. Aikina na ƙwaƙwalwa ne."

Kun ji fa. Ni aka ƙwace wa wuri, ni ce kuma mai ban-ruwa, don Iya ta ce in taimaka masa. Wallahi akwai ranar da na tsaya da bokiti a hannu, zuciyata tana ce min ki bar shi ya bushe. Amma ni ba na iya ganin shuka tana jin ƙishi. Haka na dinga shayar da abin da zai raba ni da tukunyata, ina ja ina tsaki.

Abin haushi, shukar ta karɓa. Ta fito, ta yi yaɗo, ganye shar, ta rufe ƙasa ruf. Ni kuwa kullum sai na aika a sayo min kayan miya a bakin titi, ɗan abin da a da nake kyautar da shi. Miyar ta tsinke, yara suna leƙa kwano suna kallona. Barci ya ƙaurace min.

Shi kuwa gogan, majalisa ta shiga uku. Ya yi wa liman alkawari, ya yi wa mai unguwa alkawari, har mai shayi an ce za a ba shi ɓawon ya ƙamsasa rumfarsa. Akwai wani Ila mai faci, abokinsa ne tun suna yara, bakinsa kamar reza. Kullum Na-Jidda ya fito sai ya ɗaga murya, "Sarkin Shammam! In kawo baro ko a kira tirela?" Shi kuma ya gyara tabarau ya ce, "Za ka ci, Ila. Za ka ci har ka nemi gafarata."

Sai fure ya fito, rawaya, birjik. Da hantsi ƙudan zuma suka cika wurin, zuuu, zuuu. Bayan 'yan kwanaki furen farko ya fara zubewa, ba ɗa ko ɗaya. Na-Jidda ya zo ya gani, ya dafe ƙirji.

"Ɓarayi! Na kama su!"

"Su wa?"

"Ba ki gani? Zumar nan! Su ke tsotse ƙarfin furen su kai gidansu, su bar min fanko. A Jidda ɗakin gilashi muke yi wa shammam, ko ƙuda bai isa ya leƙa ba."

Gilashi dai babu. Kafin in ankara ya shige ɗakin yara ya kwance gidajen sauronsu, ya haɗa da nasa, ya kai wa Malam ya ɗinke su wuri guda. Ya kafa sanduna, ya lulluɓe kangon gaba ɗaya, ya danne gefe-gefe da duwatsu.

Na ce, "Na-Jidda, ka ji tsoron Allah! Sauro fa? In zazzaɓi ya kama min yara, kai za ka kai su asibiti?"

"Za su warke da shammam."

Dole na kwance nawa na ɗaura musu, ni na zama abincin sauro. Shammam yana kwance a gidan sauro kamar amarya, ni uwar 'ya'ya ina marin kaina, tas, tas.

Ana nan, wata rana ina tsintar shinkafa, rediyo a kunne, sai aka sa shirin manoma. Mutumin ya ce wai kankana da danginta furensu iri biyu ne, namiji da mace, kuma zuma ce ke kai saƙo tsakaninsu, in ba ta shiga ba, ba za a ga ɗa ba. Na ajiye faifai. Na ce to, in yi shiru ne ko in faɗa? Na ga dai ba na son in ci wuri da ha'inci. Da ya shigo na gaya masa yadda na ji.

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Fure ma namiji da mace? Kai, matarmu! Ku mata komai sai kun kawo maganar aure a ciki. Shi mai rediyon ya taɓa zuwa Jidda?"

"Ban tambaye shi ba."

"To ki bar wa masu abu abinsu."

Na bar masa. Zuma ta yi ta zuwa tana karo da raga tana komawa. Fure ya yi ta fitowa yana zubewa. Ganye kuwa kamar a yi miya da shi. Watan Sha'aban ya kama, ya raba, ko ɗan da ya kai ƙwallon goriba babu. Na ga Na-Jidda ya fara ramewa ta wuya. Ya daina zama majalisa sosai, in ya hango Ila sai ya canza hanya. Ni kuma na fara samun barci.

Sai ran nan ya tare ni a bakin kangon, ya karɓe bokitin.

"Daga yau kada ki ƙara shiga. Idonki ne."

"Idona?"

"Shammam ba ya son idon mai baƙin ciki. Kunya gare shi."

Ya kawo kwaɗo ya garƙame ƙofar da ke tsakanin tsakar gida da kangon, ya jefa makulli a aljihu. Na ce alhamdu lillahi, bayana ya huta.

Azumi saura ƙiris, aka yi suna a gidan 'yar ƙanwar Iya, can wata unguwa. Duk muka tafi, har Iya da yara, muka wuni. Da la'asar muna dawowa muka tarar da shi a zaure, ya sha wanka, bakin nan har kunne.

"Iya, gobe da hantsi ki shirya bakinki. Allah ya yi!"

Ko mayafi ban cire ba na zaga na sa ido a hujin ƙofar. Innalillahi! Ga su nan ta cikin raga, ƙulu-ƙulu, kwance cikin ganye, kowanne ya kai kan jariri. Ƙamshi har inda nake.

Na dawo zaure. Na ce, "Na-Jidda, yaushe suka yi ƙuruciya? Ni ban ga ƙananansu ba."

"Irin Jidda ba ya rarrafe, matarmu. Da girmansa yake fitowa. Ki fara neman inda za ki kai yauƙinki."

Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ina ta lissafin wata guda na azumi, da buɗe-baki da sahur, ba ganye ko ɗaya da zan ce nawa ne. Na ce wa Malam, "Ka ga abin da shirunka ya ja mana." Ya ce, "Allah yana nan." Na ce na sani, amma kai ma ai kana nan.

Da hantsi 'yan majalisa suka shigo ta ƙofar baya, Ila a gaba, har da kwanonsa. Aka shimfiɗa wa Iya tabarma a inuwar zogale. Ni na ja mayafi na raɓe a bakin ƙofa. Na-Jidda ya fito cikin jallabiyar nan tasa, ya yi gyaran murya, ya yi jawabi. Ya yi magana a kan ilimi. Ya yi magana a kan mahassada, yana satar kallona. Sannan ya kama gefen raga ya yaye, fuuu!

"Masha Allah!"

"Kai! Kai! Kai!"

Ila ya cire hula ya sosa kai. "Jama'a, mu nemi gafara. Mun ci naman bawan Allahn nan a banza."

Na-Jidda ya ce, "Na yafe. Iya, zauna abinki, bari in tsinko miki."

"A'a. Kangona ne, hannuna zai fara taɓawa."

"Iya, gwiwarki..."

"Ai ka ce maganinta ne. Matsa."

Ta dogara sanda, ta taka har tsakiya, ta tsuguna a gaban wanda ya fi girma. Ta yi bismilla, ta kama, ta ja. Zuruf! Ya taho ba gardama. Sai ga wani ɗan tsinke ya biyo shi, rabi a cikin shammam, rabi an soke shi a jikin yaɗo. Iya ta zare tsinken, ta juya shi, ta kai hanci.

"Sabitu, wannan ba tsinken tsire ba ne?"

Ko gezau bai yi ba. "Tallafi ne, Iya. Haka muke yi a Jidda. In ɗa ya yi nauyi sai a sa masa tsinke, kada ya karya uwar."

Ila ya karɓa ya shinshina. "Da yajinsa?"

"Yajin ke korar ƙwari. Kai faci ka sani, Ila, ka tsaya a taya."

Wallahi sai na ga wasu suna gyaɗa kai. Wani ma cewa ya yi, "Ikon Allah, Larabawa da dabara." Zuciyata da ta ɗan taso ta koma ta kwanta. Iya kuwa ba ruwanta da tsinke, yawunta ya riga ya tsinke. Ta koma tabarma ta ce, "Ladidi, miƙo min wuƙa."

Ni da hannuna na kai wuƙar da za a yanka ni. Na ce a raina shi ke nan, da ta kai baki, kango ya tafi.

Iya ta ɗora shammam a cinya tana juya shi, tana neman inda za ta fara. Tana kifa shi, sai wani yanki ya faɗo daga gindinsa, ɓul, a kan zaninta. Ɗan yanki mai kusurwa uku, yankan wuƙa tsaf, irin wanda masu talla ke fafewa su ba mai saye ya ɗanɗana. Ta ramin kuwa sai ga kiyashi suna fitowa a layi, kamar an tashi daga kasuwa.



Ila ya ajiye kwanonsa a hankali. Ya shiga cikin ganye, ya kifa na biyu. Ɓul. Ya kifa na uku. Ɓul. Duk wanda ya taɓa, sai murfi ya faɗo. Ashe mutumin naku da ya je saye, rashin yarda da kwaɗayi ba su bar shi ba, sai da ya sa aka fafe masa kowanne ya ɗanɗana, sannan ya mai da murafen, ya zo ya kifa su ta ƙasa.

Ila ya ɗaga ɗaya sama, ya leƙa ta ramin da ido guda.

"Alhaji, shammam ɗin Jidda da taga yake fitowa?"

Gumi ya karyo wa Na-Jidda, har tabarau na zamewa. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi katanga. Sai ya daka tsalle.

"Ɓera! Ɓera ne! Wallahi na daɗe ina zargin akwai ɓera a kangon nan. Matarmu, ba na ce miki ki daina zubar da ƙanzo a bayan gida ba?"

Na buɗe baki, Iya ta ɗaga min hannu.

"Ɓera," in ji ta.

"Ɓera, Iya. Ƙato."

"Ya shigo cikin raga, da wuƙarsa."

"Ai... ɓerayen yanzu, Iya..."

"Ya yanka, ya ɗanɗana, ya mai da murfi, ya kifa. Wannan ɓera da ladabi yake."

'Yan majalisa suka fara tari, kowa yana danne dariya. Iya ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ɗan yankin da ya faɗo a zaninta, ta karkaɗe kiyashin, ta kai shi dab da idonta. Ga sawun haƙora nan reras a jikin tsokar, an gatsa an ja. Amma a tsakiyar sawun akwai wani ɗan tudu da ya tsaya cak, haƙori bai taɓa shi ba.

"Sabitu, zo nan. Tsuguna."

Ya tsuguna.

"Buɗe bakinka."

"Haba Iya, a gaban mutane?"

"Buɗe, na ce!"

Ya buɗe. Ga giɓi nan a gaba, wanda jaki ya yi masa tun yana yaro. Iya ta kama haɓarsa kamar mai ba yaro magani, ta kai yankin bakinsa, ta saita. Ɗan tudun ya shige giɓin daram, kamar don shi aka yi.

Ila ya faɗi cikin ganye yana shure-shure. Mai shayi ya riƙe zogale kada ya kife. Har Malam, da ban san ya fito ba, na ji shi a bayana yana ƙyaƙyatawa.

Iya ta goge hannu a zani, ta miƙo min wuƙata.

"Ladidi, kwashe gidan sauron jikokina ki wanke. Gobe ki shuka kuɓewarki."

Ila yana share hawaye ya ce, "Iya, ɓeran fa? A kawo tarko?"

Ta ce, "A'a, ku bar min shi. Ɓeran nan ni na haife shi."